Ka Fara Ƙirgawa Kafin Ka Taɓa Ɗan Mutane

Ɗana, tambayarka ta iso ni. Ka ce me ya sa nake tilasta maka zaman ƙirge da rubutu kafin ka fara koya wa yaro komai, alhali iyaye na kallonka kamar ka zo cin kuɗinsu a zaune. Ka kuma ce wa ya tabbatar mana cewa kowace ɗabi'a tana da dalili. Da wani ne ya tambaye ni da ban tanka ba, don ku yaran yanzu kun fi son bidiyon minti ɗaya a waya da zama gaban malami. Amma tambayar ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Aikin nan namu da ake kira ABA, wato nazarin ɗabi'a da gyara ta a aikace, a kan abu guda ya tsaya: ruwa ba ya tsami banza. Yaro mai galahanga, wato autism, ba ya buga kansa a bango haka kawai. Akwai abin da ke faruwa kafin ya buga, akwai abin da yake samu bayan ya buga, kuma abin da yake samun nan shi ke sa ya sake gobe. Wasu za su ce maka ai komai ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma Allah da ya ƙaddara shi ne ya sanya wa komai sababi, mu kuwa sababin muke bi. Tun a 1898 wani masanin ɗabi'a mai suna Thorndike ya rufe kyanwoyi a akwati a Amurka, ya ga motsin da ya buɗe musu ƙofa shi suke maimaitawa. Wani masanin, Skinner, ya ɗora a kai da ɓeraye, daga baya da tattabaru, kuma littafinsa na 1938 cike yake da ƙirge, ba da ra'ayi ba. A 1968 ne Baer da Wolf da Risley na jami'ar Kansas suka shimfiɗa sharuɗɗa bakwai na wannan aiki. Je ka haddace su da kanka. Wanda ya fi damuna a ciki shi ne dole ka iya nuna cewa abin da ka yi ne ya canza ɗabi'ar, ba wani abu daban ba.

A kan wannan sharaɗin aka cuce ni.

Wani Alhaji ne ta wajen Ƙofar Ƙaura, mai abin hannunsa, ya aiko a kira ni. Yaronsa bai kai shekara takwas ba, ba ya magana, goshinsa duk tabo. Mutanen gidan sun gama yanke hukunci: wannan ya ce iska ce, wancan ya ce hannun kishiya ne. Ni kuwa abin da na fara cewa shi ne a kai shi likita ya duba kunne da haƙori, domin ƙa'idarmu ce ka kawar da bayani mai sauƙi kafin ka tafi mai nisa, kuma yaron da ba ya magana ciwon kunne kaɗai na iya sa shi ya yi ta dukan kansa. Aka duba, lafiya lau. Sai na shimfiɗa tabarma a gefen tsakar gida, biro da takarda a hannu, ban ce wa kowa uffan ba. Alhaji ya wuce ni zai tafi kasuwa, ya dawo ya tarar da ni a wurin, ya yi tsaki.

Takardar ce ta yi magana. In wayar uwarsa tana hannunsa, yaro lafiyarsa ƙalau. In yana shi kaɗai a ɗaki, ba ya buga kai. Amma da zarar an karɓe wayar, sai ya nufi bangon da ke kusa da randa, ya waiwayo ya dubi uwar, sannan ya gwara. Ita kuwa baiwar Allah, da gudu take miƙa masa. Wace uwa ce za ta iya tsayawa tana kallo? Ban tsaya a kan abin da ido ya gani ba, na jarraba, da matashi a hannuna don kare goshinsa: a karɓi wayar, a bar masa, a sake karɓa. Kullum amsa ɗaya. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Iwata da abokan aikinsa sun yi shi a Baltimore a 1982 da mutum tara masu raunata kansu, suna sauya musu yanayi ɗaya bayan ɗaya, suka tarar shida daga cikinsu wani yanayi takamaimai ne ke tayar musu da abin.

Na sa aka buga mini hoton waya a kati, aka rufe shi da leda. Ya miƙa katin, a ba shi waya nan take. Ya buga kai, a tare goshin da matashi, amma waya ba za ta zo ba. Dabarar Carr da Durand ce ta 1985: ka ba yaro hanyar roƙo mai sauƙi wadda za ta biya masa buƙatar da yake biya da jininsa. Na zaunar da Alhaji a zaure na faɗa masa ɓaro-ɓaro cewa abin zai iya ƙaruwa kafin ya ragu, don ɗabi'ar da aka yanke wa ladanta wani lokaci takan yi tawaye da farko. Ya ce ya ji. Da tawayen ya zo, sai ya ce na ƙara wa ɗansa ciwo. Na haɗiye, na ci gaba. Layin ƙirgen bugun kai da nake ja a takarda ya hau, ya tsaya, ya fara gangarowa. Ranar da yaron nan ya taso daga bakin randa ya zo ya dangwara wa uwarsa kati a cinya, kuka ta yi.

Ana cikin haka sai na shigo wata safiya na ji gidan ya turnuƙe da hayaƙi. Ashe Alhaji ya tare wani mai maganin gargajiya, irin masu yawo da lasifika a kan mota, ya sayi turare da jiƙo a jarka. Addu'a ban taɓa hana kowa ba, ni ma ita nake yi kafin in shiga kowane gida. Abin da na roƙa tun farko shi ne kada a shigo da sabon abu ba a gaya mini ba, domin in ka canza abu biyu lokaci guda ka rasa gane wanne ya yi aiki. Na buɗe masa takarda, na nuna masa da yatsa: ga inda layi ya fara sauka, ga ranar da jarkarka ta shigo, tsakaninsu da nisa. Ko kallo bai yi ba. Ya ce magani ya karɓi yaro, aikina ya ƙare. Ragowar kuɗina, wanda ya fi rabi, har yau ban gan shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bai tsaya nan ba, ya je majalisarsu yana kirana malam mai ƙirge, har wasu gidajen da muka yi magana da su suka janye.

Kuɗin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba, a lokacin ina da kuɗin makarantar yara a wuyana. Amma abin da ya biyo baya ya fi ƙona mini rai. Katin ya ɓace, ba wanda ya nemi wani. Kakar yaron ta koma ba shi waya in ya buga kai, wata rana ta ba shi, wata rana ta hana sai ya buga da ƙarfi. Ba abin da ke dasa ɗabi'a ta yi jijiya kamar ladan da ke zuwa jefi-jefi, Skinner ya nuna wannan tun da daɗewa. Sun koya masa da hannunsu cewa in ƙaramin bugu bai kawo waya ba, babba zai kawo. Na hange shi a bayan mota ranar hawan Sallah, wajen Ƙofar Soro, da bandeji a goshi. Uwar ta aiko a ɓoye tana ba ni haƙuri. Ba ita ta yi mini laifi ba, kuma ba zan shiga gidan mutum ba da izininsa ba.

Yadda ake zana jadawali da cika shi kuwa, wannan ko ɗan firamare ya sani, kada ka dame ni da shi. Abin da ba ku da shi ku 'yan zamani shi ne zargin kanku. Yaro ya yi shiru kwana biyu, kun ɗauki hoto kun saka a Facebook kuna cewa an samu nasara. Sakamakon da bai maimaitu ba, a hannunka da hannun wani, a gida da makaranta, ba sakamako ba ne tukuna. A 1959 Ayllon da Michael sun yi aiki a wani asibitin masu taɓin hankali a Saskatchewan ta ƙasar Kanada, inda wata majinyaciya ke kutsawa ofishin nas-nas kusan sau 16 a rana. Aka daina kula ta in ta shigo, sai da aka kai mako na bakwai kafin abin ya sauko zuwa sau 2. Mako bakwai! Kai da mako ɗaya ya gundure ka. Kuma ko manyanmu ba a ɗauke su ma'asumai ba. An yi zamanin da ake mari da tsawa a cikin wannan aiki, kuma masu galahangar da suka girma sun fito sun ce an takura musu a kan kaɗa hannu da ƙin kallon ido, abubuwan da ba su cutar da kowa ba. Ni na yarda da su. Ka kashe ƙarfinka a kan abin da ke raunata yaro ko yake hana shi faɗin buƙatarsa.

Gobe in Allah ya kai mu ka koma gidan da na tura ka. Ka ba uwar yaron takarda daban ta riƙa ƙirgawa, kai ma kana naka, kada ku leƙa na juna, da yamma ku gwada. In lissafin ya saɓa, ba ku daidaita a kan abin da kuke ƙirgawa ba ne, ku sake zama. Kuma kafin ka shimfiɗa tabarma, mai gida ya biya rabi, ya sa hannu a gaban shaida cewa ba zai shigo da wani magani ba sai ya sanar da kai. In ya ƙi, ka yi masa sallama ka dawo.