Amsa: Kwalbar giyata ta fashe bayan na zuba sukari, ina matsalar take?

Malam, ka ce ka ɗura giyar da ka haɗa a kwalabe kwana biyar bayan zuba yis, ka sa cokali guda na sukari a kowace kwalba domin ta yi gas, sai ga ɗaya ta tarwatse cikin dare, kana tambaya ko sukarin ne ya yi yawa. Yana iya yiwuwa, amma a shekarun da na yi ina wannan aiki, na fi ganin gaggawar ɗurawa tana fasa kwalba fiye da sukarin da aka ƙara.

Kafin komai, sauran kwalaben nan suna cikin halin da waccan ta shiga. Ka sa tabarau da safar hannu mai kauri, ka rufe kowace da tawul, ka kai su firiji a hankali ba tare da girgizawa ba. Sanyi yana kwantar da yis, yana kuma sa gas ya koma cikin ruwan. Bayan kwana guda ka ɗan ɗaga murfin kowace har ka ji hucin iskar ya fita, sannan ka sake rufe ta da sabon murfi. Kada ka kusantar da fuskarka, domin ɓarɓashin gilashi ba ya sallama.

Dalilin fashewar shi ne, yis yana cin sukari ya fitar da barasa da gas, kuma ba ruwansa da ko sukarin naka ne ko wanda ya rage daga hatsin. Idan ka rufe kwalba alhali bai gama aikinsa ba, zai ci gaba a ciki, gas ɗin kuwa ba shi da mafita. Daina ganin kumfa a bakin mazubi ba hujja ba ce. Abin da na yarda da shi kaɗai shi ne ma'aunin kaurin ruwa, wato haidiromita: ka auna yau, ka sake aunawa bayan kwana biyu ko uku, in lambar ba ta motsa ba kuma ta kai inda ake sa ran ta tsaya, to ya gama. Ka duba lissafin da kyau. Idan ka ɗura a 1.014 alhali giyar za ta sauka zuwa 1.010, wannan ɗan bambancin zai ƙara gas da ya kai kusan ninki biyu na yawan ruwan, a kan wanda sukarinka zai bayar. Kwalbar giya ta yau da kullum kuwa ba a so a wuce da ita ninki uku. Shi ya sa ba na ɗurawa kafin mako biyu, ko da komai ya lafa.

Sai batun cokali, wanda ba na ƙaunarsa ko kaɗan, saboda wani ya cika ya yi tozo, wani ya zo a shafe, kwalaben kuma ba girmansu ɗaya ba. Ka nemi sikeli. Giyar da ta gama tsima a zafin digiri 20 tana riƙe da gas kusan 0.85 na yawanta, kuma kowane giram 4 na farin sukari a lita yana ƙara kusan ninki ɗaya. Saboda haka giram 6 a kowace lita zai kai ka wajen 2.4, wanda ya dace da yawancin giya. Lita 20 ke nan giram 120. Ka tafasa sukarin a ɗan ruwa, ka bari ya huce, ka zuba a bokiti mai tsabta, sannan ka jawo giyar a kansa da tiyo ba tare da ta fantsama ba, ka juya a hankali don ya game ko'ina. In bai gauraya ba, wata kwalbar za ta fito lami, wata ta yi ambaliya.

Ka bar sararin santimita biyu zuwa uku a wuyan kwalba, ka kuma jefar da duk wadda ka ga tsagewa ko ɓantarewa a bakinta. Wanki da kashe ƙwayoyin cuta wajibi ne, domin akwai yis na daji da ke cin sukarin da naka ya bari, sai bayan wata guda ka ga giya tana tsiri tana ɗanɗanon tsami.

Wata dabara da ba na bari: cikin kowane ɗuri nakan cika gorar roba guda, irin ta lemo mai gas. Ranar farko yatsa yana lotsa ta. Idan ta yi tauri cikin kwana biyu ko uku, akwai matsala, sai a kai sauran firiji. Idan kuwa sai bayan mako guda ko fiye ta ƙanƙame, lafiya lau. Ka ajiye kwalaben a tsaye cikin kwali mai rufi, a wuri mai duhu, zafin digiri 18 zuwa 24, tsawon mako biyu zuwa uku, sannan ka sanyaya guda ɗaya ka buɗe ka gani kafin ka taɓa sauran.