Amsa ga Yarona Kan Biskit Mai Gishiri da Ke Yin Laushi

Ka tambaye ni abin da ya sa biskit mai gishirin da kake gasawa a gida yake fitowa ƙaras-ƙaras, amma kafin gari ya waye ya yi laushi kamar tsumma. Da wani abu daban ka tambaya, da na ce ka zuba ido a bakin tanda har ka gane da kanka, amma wannan tambaya ta fama mini tsohon gyambo.

Awon fulawa da mai da gishiri ba zan tsaya a kansa ba, domin wanda ya shekara biyu a hannuna bai iya wannan ba, gara ya nemi wata sana'ar. Abin da za ka riƙe shi ne, burodi ana so ya tsare danshinsa, shi kuwa wannan biskit sai an kore ruwan cikinsa kaf. Ka bar kwaɓin ya huta rabin awa don kada ya riƙa tsukewa, ka murza shi har kaurinsa ya dawo kamar milimita 2, ka huda shi da cokali mai yatsu don tururi ya sami hanyar fita, sannan ka gasa a zafin digiri 180 na ma'aunin Celsius na minti 12 zuwa 15. Na gefen tire suna riga na tsakiya yin ja, sai ka kwashe su ka mayar da sauran.

Wata damina, cikin watan Agusta, wani ɗan kasuwa ya zo mini da aikin da ya ci buhun fulawa shida, mai kilo 50 kowanne, ya ba da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, saura sai kaya sun isa. Kwana biyu muna aiki ba barci. Da gashin ƙarshe ya fito, sai ga shi a ƙofa da mota, yana rantsuwa cewa direba ba zai jira ba, a ɗaure masa a leda yanzu. Na sa bayan hannuna a kan tire na ji ɗumi, na gaya masa a bari su huce ko na awa ɗaya ne, ya ce shi ya ɗauki nauyin duk abin da ya biyo baya. Na yarda da maganar baki, ba shaida, ba takarda. Tun kafin a rufe motar na ga gumi ya fara taruwa a jikin ledar.

Bayan kwana huɗu ya dawo da leda uku a hannu, ya zube su a gaban yarana yana cewa na sayar masa da ɓataccen kaya, ko sisi ba zai ƙara ba. Sauran kayan kuwa bai dawo da su ba. Daga baya na sami labarin cewa ya kai su wata tanda an sake busar da su, ya sayar ya ci ribarsa. Wata bakwai na yi ina biyan bashin mai fulawa, kuma har yau idan na tuna fuskarsa raina yana ɓaci.

Ku yaran yanzu gaggawa ce take kashe muku aiki. Abu yana fitowa daga wuta kun ɗauki hoto da waya, kun cusa a leda. Ka baza su a kan raga, iska tana ratsawa sama da ƙasa, har su yi sanyi sarai. Ka karya ɗaya: idan bai yi ƙara ba, ko tsakiyarsa ta lanƙwashe, ka mayar da su tanda a zafin digiri 120 na minti goma. Ka tuna kuma gishirin da ka barbaɗa a sama yana jan danshin iska, shi ya sa abin da hunturu zai yafe maka damina ba za ta yafe ba, sai ka zuba a mazubi mai murfi da ke rufuwa gam.

Gobe ka zo mini da guda uku daga cikin naka, in karya in gani.