Kwanson Igwar da Kaka Ya Dawo da Shi Daga Burma: Me Rubutun Gindinsa Ke Cewa?

Tambaya: Malam, kakanmu ya yi yaƙin Burma, ya dawo da wani kwanson tagulla da muke ajiye tsintsiya a ciki. A gindinsa an buga 25 PR II, RLB, 1942, CF, LOT da wasu lambobi, sai wani zane kamar sawun kaza. Wa ya ƙera shi?

Amsa: Allah ya jiƙan kaka. Kwanson nan na Ingila ne, sawun kazar da ka gani kuwa kan kibiya ne, tambarin da gwamnatin Ingila ke bugawa a kan kayan sojanta. Da na Kanada ne, sai ka ga kibiyar a cikin harafin C.

25 PR sunan igwar ke nan, wadda harsashinta ke da nauyin laba 25, wato kilo 11 da ɗoriya. Faɗin bakinta milimita 87.6, tsawon kwanson kuma kusan santimita 29. Ɗauki awo ka gwada, don awo ba ya gogewa kamar rubutu. II ɗin nan biyu ce a lambar Rumawa, samfuri na biyu na kwanson.

Maƙerin shi ne RLB, masana'antar gwamnati ta wancan lokacin a Birtley, kusa da Newcastle a arewacin Ingila. RL kaɗai na nufin Woolwich a Landan. Kamfanoni masu zaman kansu ma sun yi ta ƙerawa, kamar ECC na Edward Curran a Cardiff. LOT lambar rukunin da aka ƙera tare ce, don in an sami aibi a san waɗanda za a janye. CF kuwa na cewa an ɗura masa albarushin kodayit cikakken awo.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ɗan maɓallin da ke tsakiyar gindin, wanda ake bugawa wuta ta tashi. Shi daban ake ƙera shi a ɗaura, yana da nasa haruffa da tasa shekara. Za ka iya ganin 1942 a kwanso, 1943 a maɓalli, kuma duk daidai ne. Kwanson tagulla ma akan mayar da shi masana'anta a sake ɗurawa.

Sai dai rubutun bai ce a Burma aka harba shi ba, balle a ce rukunin masu igwa na su kaka ne ya harba. Rundunonin Afirka ta Yamma na 81 da 82, waɗanda sojojin Najeriya suka yi yaƙin Burma a cikinsu, sun fi dogara da ƙaramar igwar yaƙin kan duwatsu mai faɗin baki inci 3.7, wadda ake kwancewa 'yan dako su ɗauka a ka, kuma kwansonta gajere ne ƙwarai. Naku mai yiwuwa a wajen wata runduna ya samo. Da na Japan ne, da shekarar Showa, wato zamanin sarautar Sarki Hirohito, za ka gani: ka ƙara 1925, Showa 18 ta zama 1943.

Duba maɓallin nan da kyau. In akwai lotsawa a tsakiyarsa, akasari alama ce an harba. In sumul yake, kada a ƙwanƙwasa, kada a kai shi kusa da wuta ko wajen maƙera, a sanar da 'yan sanda. Kuma a daina dirza gindin da toka ko yashi. Ruwan sabulu da tsumma sun isa, in harafi ya dushe a haska tocila daga gefe.