Mahaifiyata 'yar Ingila ce, ina da haƙƙin fasfon Birtaniya?

Tambaya: An haife ni a Kaduna a 1978. Mahaifina ɗan Najeriya ne, mahaifiyata haifaffiyar Ingila. Shin zan iya zama 'yar Birtaniya?

Amsa: Hajiya, ƙofa a buɗe take. Kafin 1 ga Janairu 1983, uba kaɗai ke gadar wa ɗan da aka haifa a waje zama ɗan ƙasa. Daga baya aka gyara dokar, aka ƙara sashe na 4C a dokar zama ɗan ƙasar Birtaniya domin irinku. Fom ɗin UKM, wato na rajistar zama ɗan Birtaniya ta hanyar uwa, za ki cika ta intanet, da mutum biyu masu tsaya miki shaida, sannan a ɗauki hoton yatsunki. Kuɗin bikin rantsuwar zama 'yar ƙasa kawai za ki biya.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne takardu. Ana son takardar haihuwarki mai ɗauke da sunayen iyaye, da ta mahaifiyarki, da takardar aurensu. Idan ta musulunta ta koma Aisha, alhali takardarta ta Ingila na ɗauke da sunan yanka, sai kin kawo hujjar da ta haɗa sunayen biyu.

Wannan rajistar ba ta sauka kan 'ya'yanki haifaffun Najeriya kai tsaye. Fasfonki na Najeriya kuwa yana nan daram, tunda ke 'yar ƙasa ce ta haihuwa.