Me ya sa wutata ke ƙone biyar ta bar sauran?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, da daddare bayan na rufe shago nake buga Guild Wars 2 a kwamfutar ƙanena. Idan na jefa sihirin wuta a tsakiyar dodanni goma sha biyu, sai in ga 'yan kaɗan ne jininsu ke sauka, sauran kuwa ko gezau. Netwok ɗina ne, ko wasan ne ke yi mini coge?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba coge ba ne, kuma yawanci ba laifin netwok ba ne. Ƙa'ida ce da masu wasan suka gina tun farko.

A Guild Wars 2, wanda kamfanin ArenaNet ya fitar a 2012, akasarin sihirin da ke bugun fili guda yana da iyaka: abokan gaba biyar kacal yake kamawa a bugu ɗaya. Da'irar da ka zana a ƙasa ko ta cika maƙil, kwamfutar kamfanin, wato sabar, za ta ƙirga waɗanda ke ciki, ta ɗauki biyar mafi kusa da tsakiya, ta ƙyale sauran. Ba ruwanta da wanda ya fi ƙarfi ko wanda ka fi jin haushi. Kamar kwandastan danfo ne a tashar Oshodi: kujera biyar ta rage, na bakin ƙofa su ke shiga, na baya sai su jira wata motar.

A nan ne mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba. Idan da wasu 'yan wasa kake yaƙi, dabbar da maharbinsu ke yawo da ita, da inuwoyin ƙarya da mai sihirin ruɗunsu ke fitarwa, duk ana ƙirga su cikin biyar ɗin. Ka auna shugaban rundunar abokan gaba, amma kyarkeci ɗaya da inuwa biyu sun fi shi kusa da tsakiyar da'irarka, to sun cinye maka gurbi uku a banza. Shi ya sa a yaƙin manyan runduna za ka ga jama'a sun dunƙule wuri guda kamar an ɗaure su da igiya. Da gangan suke yi, don wutar ta riƙa faɗawa kan mutane daban-daban, kada ta tattaru kan mutum ɗaya har ta kashe shi.

Sauran wasanni kowa da nasa tsarin. World of Warcraft ya sanya iyaka mai tsauri a kan hare-hare da dama a 2020, 'yan wasa suka yi ta ƙorafi, a 2021 aka sassauta: yanzu da yawansu suna bugun kowa, sai dai ɓarnar tana raguwa idan adadin ya wuce biyar ko takwas. A Final Fantasy XIV kuma, wasu hare-haren na farko ne ke shan cikakken duka, na kusa da shi su samu ragi.

Batun netwok ma yana da ɗan rabonsa. Daga Legas saƙonka sai ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai ya dawo, tafiyar da ta kan haura milisakan 100, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Dodon da ka gani a tsakiya, a lissafin sabar wataƙila ya riga ya matsa gefe. Idan wutar NEPA ta ɗauke ka koma kan datar waya, abin ya ƙara lalacewa.

Shawarata: kada ka jefa a tsakiyar taro don kawai ka ga cunkoso. Ka ɗora tsakiyar da'irar a kan wanda kake son kashewa, idan yana gudu ka ɗan sa ta gabansa. Sannan ka ɗora linzamin kwamfuta a kan hoton sihirin, za ka ga an rubuta adadin da yake kamawa.