An ce biren bos ɗin motata ya lalace: in saya ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Corolla ƙirar 2007, otomatik, ta Amurka ce da aka shigo da ita ta Kwatano. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma in na shiga cunkoso ta ɗauki zafi sai ta mutu kamar an zare makulli. In na jira kamar minti 20 sai ta tashi garau. Wani lokacin kuma giya na fizga. An sa mata kwamfuta ta nuna P0171 da P0335, aka canza sansar salansa da sansar kiranshaf, ba a yi sati ba matsalar ta dawo. Yanzu bakanikena ya ce biren bos ne. Shin in saya? Kowanne na shekarar zai yi, ko kuwa ana gyarawa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka dakata tukuna, amma kada ka watsar da maganar bakaniken naka. Da wata mota ka ambata, da na ce maka biren bos, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa inji, shi ne abu na ƙarshe da za a zarga, domin yawancin waɗanda ake cirewa a gareji lafiyarsu ƙalau. Sai dai taka tana da tarihi. A watan Agustan 2010 kamfanin Toyota ya kira motoci fiye da miliyan 1 a Amurka, Corolla da Matrix ƙirar 2005 zuwa 2008 masu injin 1ZZ-FE, don a canza masu wannan akwatin. Dalilin da kamfanin ya bayar shi ne tsagewar da kan faru a wasu wuraren dalma na allon ciki, ko a jikin ɗan abin da ke kare allon daga wuta mai yawa. Alamomin da aka lissafa kuwa su ne fizgar giya, ƙin tashi, da mutuwar inji ana cikin tafiya. Ka ga biyu daga ciki sun faɗo a wasiƙarka. To amma ƙila an riga an canza na motarka tun tana can, kuma akwai abubuwa masu araha da ke kawo irin wannan ciwon sak. Awo ne zai raba gardama.

Bari mu fara da kuɗin da aka riga aka kashe. Lambar da kwamfuta ke nunawa ƙorafi ne biren bos ke yi, ba ta faɗin kayan da za a saya. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa a cikin inji. Injin fetur na son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, sansar da ke jikin salansa kuma aikinta ta sunsuna hayaƙi ta kai rahoto. Ta kai rahoton cewa mai ya yi kaɗan, sai aka kama ta aka cire, kamar a doki ɗan aike don saƙon da ya kawo bai yi daɗi ba. A wannan injin, abubuwa biyu ne suka fi kawo P0171. Na farko ƙura a sansar iska, wadda ke bayan filtar iska. A cikinta akwai siririyar waya mai zafi, in ƙurar hunturu ta lulluɓe ta sai ta riƙa faɗin iskar da ba ta kai wadda ke shiga ba, biren bos kuma ya rage mai. Ana fesa mata ruwan wanke sansa a bar ta ta bushe, ba a taɓa wayar da hannu ko tsumma. Na biyu gasket ɗin da ke tsakanin bututun iska da kan inji, wanda in ya tsufa yakan bar iska ta sato hanya.

Mai kwamfuta da ya san aikinsa zai bambance su ba tare da ya kwance komai ba. Akwai shafin da ke nuna yawan man da biren bos ke ƙarawa don ya cike giɓi. In adadin ya haura kashi 10 cikin 100 a silo, amma ya sauka in an taka totur har juyin inji ya kai 2,500 a minti, iska ce ke satar hanya. In kuwa ƙaruwa yake yi da aka taka, a duba sansar iska ko ƙarfin famfon mai. Mai kwamfutar da iyakarsa ya karanto lamba ya goge ya karɓi kuɗi, rabin aikin ma bai yi ba.

Akwai wani abin da nake so ka bincika yau. Sansar gaba ta salansar motarka ba irin ta tsofaffin motoci ba ce. Tsohuwar iri wutarta na lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, taka kuwa mai auna gaurayen iska da mai ce, a kwamfuta tana zama kusa da bolt 3.3. Dukansu waya huɗu gare su, haƙoran ɗaurinsu ɗaya, shi ya sa a kasuwa ake miƙo wa mutum wannan a madadin waccan. In ka ga an yanke wayoyi an haɗa da salatif a wurin, to akwai alamar tambaya. Denso ne ke yi wa Toyota wannan sansar, kuma soket ɗinta ya kamata ya shiga na motar kai tsaye.

Sai P0335, wadda ita ce ta shafi mutuwar motar. Ma'anarta biren bos ya daina jin saƙon juyawar kiranshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa a cikin inji. In babu wannan saƙon ba zai ba koyil wuta ba, ba zai buɗe nozul ba, mota sai ta mutu nan take ba tare da shaƙewa ba. A nan zargin bakaniken naka na farko ya yi daidai, domin sansar kiranshaf siririyar waya ce aka naɗe a jikin maganaɗisu, in ta tsufa takan rabu idan ta ji zafi ta sake haɗewa in ta huce. Amma lambar ta ƙunshi hanyar gaba ɗaya: sansar, soket ɗinta, wayoyin da suka taso daga gefen inji, da kuma wurin da saƙon ke sauka a cikin biren bos. An canza ɗaya cikin huɗu. Wadda aka saka ɗin ma ba a tabbatar da ita ba, don jabu ta cika kasuwa.

Duk awon da za a yi, a yi shi a daidai lokacin da motar ta mutu. In aka kai ta gareji da safe tana tashi bugu ɗaya, kowane abu zai nuna lafiya. A bar ta a silo da na'urar sanyi a kunne, bonet a rufe, kwamfuta a jone, har ta yi halin nata. Minti 20 ɗin nan da kake jira a bakin titi, su ne lokacin aikin.

Da ta mutu, a murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, a dubi wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji. In sauran fitilu sun kama ita ba ta kama ba, kwamfuta kuma ta kasa shiga, to biren bos a kashe yake. Ko nan ba a yanke masa hukunci sai an auna abin da ke ciyar da shi: fiyus mai rubutun EFI, rile ɗinsa, da wayoyin at, wato na negatib, da ke ɗaure a jikin inji. Rile mai ƙonannen baki yakan saki in ya yi zafi, kuma musanya shi da wani irinsa na cikin akwatin fiyus bai kai minti ɗaya ba. Wayar at da ta yi tsatsa ko aka bari sako-sako bayan an sauke inji ta sa an sayi biren bos da yawa a banza. Sai a auna bolt 5 ɗin da biren bos ke aikawa ga sansoshi. In babu, a riƙa zare soket ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, domin sansa guda da ta haɗe a ciki tana iya janye wutar sauran duka. In an zare wata bolt 5 ya dawo, an kama mai laifi.

In kuma wutar cek ta kama, a buga kik ana kallon juyin inji a kwamfuta. Ya kamata a ga wani abu kusa da 200. In sifili ya tsaya alhali inji na juyawa, saƙon kiranshaf ba ya isowa. A sa mita a kan sansar tana da zafi, lafiyayya kan nuna om 2,000 zuwa 3,000 ko kusa da haka. In ta nuna, a koma bakin soket ɗin biren bos, wanda ke bayan durowar gaban fasinja, a auna wayoyin nan biyu daga can ana girgiza su. In awo ɗaya ne a can da nan, saƙo na isa ƙofa ke nan amma na ciki ba ya karɓa.

In juyin ya nuna, wuta na zuwa fulogi, amma ta ƙi tashi, a koma kan mai. Famfon mai na cikin tanki, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, masu yawo kullum da wutar mai a kunne su suka fi kashe shi. Ƙarfinsa a wannan motar 44 zuwa 50 ne a ma'aunin psi, kuma da geji ake aunawa, ba da zare tiyo a ga yadda yake feshi ba. Kada kuma wani ya ce maka famfo ya mutu don bai ji ƙararsa da murɗa makulli ba. Toyota na wancan zamanin sai an buga kik famfon ke tashi. Raunin famfo na iya haɗa maka P0171 da mutuwa a cunkoso a lokaci guda, shi ya sa ba na tsallake shi.

Abin da zai sa in ce ka sayi biren bos da zuciya ɗaya shi ne wuta da at su cika, saƙo ya isa, amma a rasa amsa. Ko a ga lamba irin P0606 ko P0607, waɗanda ke nufin akwatin ne da kansa ke cewa cikinsa ba lafiya. Ko P2716 tare da fizgar giya, wadda a waɗannan motocin ta sha sa a sauke giyabos alhali ciwon na cikin biren bos. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: mota na silo da sanyin safiya, a hura wa akwatin iska mai zafi da na'urar busar da gashi, ko a ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan sukudireba. In ta yi tuntuɓe ko ta mutu, magana ta ƙare.

Kan ko kowanne zai yi, a'a. A jikin akwatin akwai takarda mai lamba da ta fara da 89661, sai wasu biyar a bayanta. Wannan lambar ake bi, ba shekara ba. Na otomatik daban, na mai kulochi daban, na Amurka daban da na Turai ko da jikin motar iri ɗaya ne. Ka ɗauki hotonta kafin a tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka. Ka kuma tuna cewa na Beljiyam ɗin da za a ba ka daga irin motocin da aka kira ɗin aka ciro shi, yana iya zuwa da ciwon da kake gudu. A yi sharaɗi a gaban shaida cewa za a gwada shi na 'yan kwanaki cikin zafi da cunkoso, in bai yi ba a mayar. Ka sa hannu da alƙalami a jikin naka na asali, kuma kada ka bari a karɓe shi a matsayin ciko sai an gama gwajin.

Kafin a jona sabon, a tabbatar babu abin da zai kashe shi. A auna altaneto, tsakanin bolt 13.5 da 14.5 ake so, in ya haura 15 a gyara shi tukuna. A taɓa kafet ɗin gefen fasinja a ji ko da danshi, don ruwan na'urar sanyi ko na gilashin gaba yakan zubo ta nan. A cire kan batir na negatib kafin a zare soket. Sannan ka hana kowa al'adar nan ta cire kan batir mota na aiki wai don a gwada caji, haka ma yin walda a jikin mota batir na jone. Su biyun da juya kan waya wajen ba mota wuta daga wani batir, su ne manyan makasan biren bos a garejojinmu.

In an saka ta ƙi tashi, kada hankalinka ya tashi. A cikin kan makullinka akwai ɗan guntun abu da motar ke ganewa, akwai kuma ƙaramin akwatin tsaro da ke tantance shi, sabon biren bos kuma bai san su ba sai an gabatar da su. A irin motarka ana yi ta hanyar haɗa rami na 4 da na 13 a soket ɗin kwamfuta mai rami 16, a bar makulli a kunne minti 30. Na faɗa ne don ka gane abin da ake yi, ba don ka gwada a gida ba, saboda rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, kuskuren rami ɗaya ya isa ya ƙona sabon akwatin. Batir kuma ya zama cikakke. Wanda ya ce zai cire maka tsaron makullin gaba ɗaya don a huta, ka ce ka gode, motar da ɓarawo ya fi so ke nan. Bayan ta tashi silo zai ɗan yi hawa da sauka na ɗan lokaci kafin ya daidaita.

Gyara kuwa ana yi. In ƙaramin abu ne ya ƙone a fili, mai gyaran allo da ke da madubin ƙara girma zai canza shi. Amma tsagewar da ta fi gashi siranta wuyar gani gare ta, kuma an sha ƙona dalma a ba mutum ya tafi, bayan wata ɗaya ta dawo. Ga motar da ke mutuwa ana cikin tafiya, sitiyari ya yi nauyi, birki ya fara tauri, ni canzawa na fi so. Kafin a gama binciken ma ka rage hawa babban titi da ita, musamman da iyali.

Tsofaffin sansoshin nan biyu da aka cire, ka je ka karɓo abinka in suna nan. Ta salansar musamman, in ta asali ce, akwai yiwuwar ta fi wadda ke jikin motar yanzu, kuma mayar da ita shi ne gwaji na farko da zan so a yi kafin a sake karanta lambobin.