Aji uku, yara sun cika ɗaki: ta ina zan fara mako?

Malama, kin ce an ba ki aji uku a wata firamare a Tudun Wada, cikin garin Kaduna, yara sun cika ɗaki, kuma kina neman yadda za ki tsara mako. Ga yadda nake yi.

Litinin ba na kawo sabon darasi. Bayan an tashi daga asambuli, bita muke yi, don hutun ƙarshen mako kan share rabin abin da suka koya. Af, ki duba ko sun haddace taken ƙasa da aka dawo da shi a 2024, wasu baki kawai suke motsawa.

Lissafi kuwa da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Nan nake daɗewa. Ki sa su tara murafen kwalba da tsakuwa, ki yanka takarda ta zama naira 50 da 100 da 200, ki mai da aji kasuwa. Wannan ya sayar da tumatir, wancan ya ba da canji. Yaron da ke tsoron allo sai ki ga ya fi kowa iya canji, domin kullum ana aiken sa shago. Ki raba su rukuni-rukuni, ki naɗa mai ƙoƙari shugaba, in ba haka ba muryarki za ta dishe tun ran Laraba.

Tsakiyar mako karatu da rubutu, da labarin gari: Kogin Kaduna, da yadda garin ya zama hedikwatar Arewa a 1917. Alhamis gwaji, tambaya biyar ta isa, ki duba littattafansu kafin a tashi.